Jinkar da Ta Tsallaka Burtali

Bazarar bana ta zo da irin zafin da nake tsoro. Tun hantsi ƙasa ke ƙona tafin ƙafa, kaji na haki a gindin rumbu, hadari kuwa sai ya taso da la'asar, ya yi baƙi kamar da gaske, iska ta kwashe shi. A cikin wannan hali jikata Rabi ta haihu a gidana. Shekaranjiya ina zaune a zaure ƙamshin dafaffen ganyen darbejiya ya iso ni daga cikin gida, na san an ɗora ruwan wankan jego. Na tashi na leƙa randa, na dawo, na sake tashi na leƙa. Matata Hajara ta ce, "Malam, randar nan ba ta da ƙafa. Zauna." Na zauna, amma hankalina ya riga ya koma wata bazarar.

Ƙauyenmu yana tsakanin Toranke da hanyar Gaya. Burtali ya raba shi biyu, hanyar shanu ce mai shingen aguwa hagu da dama, wadda yaro zai tsallaka kafin ya gama tauna ƙuli-ƙuli ɗaya. Tun kakanni mutanen kudu da burtali dagacinsu daban, sha'aninsu Gaya yake fuskanta. Mu na arewa namu daban, Ajingi muke fuskanta. Ban da lokacin haraji babu mai tunawa da wannan. Masallaci ɗaya muke, maƙabarta ɗaya, kuma da wuya ka sami gidan da bai aurar ko ya auro daga ɗaya ɓangaren ba.

Ina firamare aka zo haƙa rijiyar kankare. A kudu aka haƙa ta, domin roƙon dagacinsu ne ya karɓu. Bayanta aka gina ɗakin magani kusa da ita, sannan aka kafa rumfar sikelin gyaɗa. Mu ma aka ce namu na nan tafe. Hular da na sa na je tarbar masu awon tamu rijiyar ta tsufa ta yage, masu awon ba su iso ba.

Daga nan mutane suka fara tsallakawa, amma ba kowa ba. Mai awon gyaɗa ya tafi, mai kanti ya bi shi, masu shanun huɗa suka bi, daga baya har liman. Suka gina soraye, wasu suka buga kwano. Fegi a kudu ya yi tsadar da irinmu ba ma ko tayawa. Ba wanda ya yi shela, ba wanda ya kori wani. Sai dai cikin 'yan shekaru in ka tsaya a tsakiyar burtali ka dubi kudu, kwano ne ke ƙyalli, ka juyo arewa jinka ce zalla. An tankaɗe mu kamar da rariya, gari ya faɗa can, dusa ta zauna nan.

Cikin waɗanda suka tsallaka har da Baffa Tanko, ƙanin mahaifina uwa ɗaya uba ɗaya. Gyaɗa ce ta ɗaga shi. Ya je Makka ya dawo da haƙori mai walƙiya da sabon harshe. A bakinsa na fara jin an kira mu "mutanen bayan burtali", yana faɗa yana yatsina fuska, kamar ba a gidanmu aka binne cibiyarsa ba.

Sai shekarar fari ta zo. Mahaifina ya rasu kafin nan, gida ya koma wuyana: ni, da mahaifiyata Inna, da Hajara mai ƙaramin ciki. Daminar ta yaudare mu. Gero ya tsaya a gwiwa ya bushe a tsaye, gyaɗa ta yi ganye ba ta yi 'ya'ya ba. Kafin bazara ta kankama rumbu ya zama ɗakin ɓeraye, su ma suka gaji suka tafi. Dusa muke ci da garin rogo da busasshen ganyen tafasa. Rijiyoyinmu na ƙasa suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya, har ka jefa guga ka ji ya bugi tsakuwa.

Da an yi sallar asuba nake ɗaukar garwa biyu in nufi fadama, tafiya mai nisa a rairayi. A can mun tona ramuka, mutum ya durƙusa ya jira ruwa ya tsattsafo, ya kwasa da ƙoƙo kaɗan-kaɗan. Launinsa kamar kunu, warinsa na fitsarin shanu. In na dawo Inna ta raba shi: na sha, na girki, na alwala. Wanda aka wanke kwano da shi akuya ke sha. Ni kuwa, da yake Allah ya yi ni mai wasiwasi, sai in yi taimama don in bar musu ruwan, in kuma wuni ina tunanin ko taimama ta halatta alhali akwai ruwa a randa. In na yi alwala kuma sai in ga kamar daga bakin Hajara na ƙwace.

Da farko mukan sami garwa ɗaya a rijiyar kankare, don ita ba ta ƙafe ba, ta dai yi ƙasa. Wata safiya muka je muka tarar an yi mata murfin katako an danna kwaɗo, ga mai gadi da makulli a wuya. Wai manyan kudu sun kafa kwamiti, Baffa Tanko ne shugaba. Hukuncinsu shi ne da harajinsu aka gina rijiyar, saboda haka sai wanda gidansa ke kudu da burtali zai ɗiba. Mutanen da suka sha ruwan rijiyar gidanmu har suka yi gemu, su ne suka zauna a inuwar durumi suka yanke wannan, kuma suka rufe taron da addu'a.

Abin da ya hana ni barci wankan jego ne. Mai jego a wurinmu safe da yamma ake tafasa mata ruwa a babbar tukunya, a tsoma ganye a riƙa fyaɗa mata har ta yi arba'in. Ruwan fadama da ƙyar yake isar mu sha. Inna ta kira ni gefe ta ce, "Kai, in yarinyar nan ba ta yi wanka ba sanyi zai shige ta. Ka san abin da ya ɗauke yayarka." Na sani. Yayata ta kumbura bayan haihuwa ta rasu, kowa ya ce wankanta ne bai cika ba.

Bawa ne ya kawo dabara. Ɗan gwaggona ne, taubashina, mutumin da ko a gidan makoki sai ya sa an yi dariya. Gonar mahaifina ta ɗan tsallaka burtali, akwai wani siririn yanki a kudu, jikin gidan Baffa, inda Inna ke shuka kuɓewa.

Ya ce, "Sarkin wasiwasi, sun ce sai mai gida a kudu. Kana da ƙasa a kudu, kana da jinka a arewa. Haɗa su aure mana."

Na ce, "Wannan ba yaudara ba ce?"

"Su da suka sa wa ruwan Allah kwaɗo ba su tambayi kowa ba. Kai ne za ka tambaya?"

Na tambaya. Na sami liman a ƙofar sabon gidansa yana alwala, buta cike, yana kwarara wa ƙafa ruwa har yana gudu a ƙasa. Na durƙusa na ce, "Allah gafarta malam, in mutum ya ɗauki jinkarsa ya kai wani wuri saboda ruwa, ya zama ɗan wurin ko ƙarya ya yi? In kuma ƙarya ce, alwala da ruwan ta inganta?"

Ya dubi sama, ya dubi butarsa. Ya ce, "To, Sale, al'amarin yana komawa ga niyya. Amma ka ji ta bakin Alhaji Tanko tukuna."

Wato hukuncin ma yana hannun mai makulli. Na tashi ina kallon jiƙaƙƙiyar ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarsa. Abin da ya zubar zai ishe mu girkin dare.

Na yanke wa kaina cewa in zan yi, da gaske zan yi. Zan kai duwatsun murhu, da tabarma, da tukunya, in kwana can in tashi can, don kada in tsaya gaban Allah da maganar da ba haka take ba. Inna ta fito da ɗan geron da ta ɓoye don kunun mai jego, aka dama wa masu gayya, domin ba a kiran mutane ɗaukar jinka da baki kawai.

Da sanyin safiya suka taru. Aka yanke igiyoyin da suka ɗaure jinkar ɗakinmu da bango, aka zura sanduna ta ƙasa, aka ɗaga. Tsohuwar ƙura da kashin ɓera suka zubo mana a ka. Maza suka shige ƙarƙashi, ba ka ganin komai sai ƙafafu, ramammu, masu faso, jinka na tafiya a kansu kamar ƙaton kunkuru. Bawa na gaba yana ja da baya yana ba da umarni: "Hagu, hagu. Wanda ya sha kunu ludayi biyu ya ɗaga da kyau, na gan shi." Sai da muka sare aguwa muka buɗe hanya, ruwanta ya ɗiga wa wani a ido, ya yi ta hawaye bai saki sandarsa ba. A tsakiyar burtali suka tsaya suna haki saboda yunwa. Na tsaya ina addu'a kada ta faɗi, kada ta karya wani, kada a ce ni na jawo.

Mutanen kudu suka fito ƙofar gidajensu suna kallo. Ba wanda ya sa hannu. A al'adarmu in jinka ta wuce ta gabanka ko maƙiyinka ne mai ita sai ka tallafa. Su sun naɗe hannu cikin manyan riguna. Muka ɗora ta a kan dirkoki, muka kewaye da zana, na jera duwatsu na hura wuta don hayaƙi ya tashi kowa ya gani.

Washegari na ɗauki garwa na nufi rijiya, Bawa na biye da ni. Baffa na zaune a kan buzu a gindin durumi, 'yan kwamitinsa kewaye da shi. Na cire takalmi na durƙusa.

"Baffa, ina kwana."

"Lafiya lau, Sale. Na ga ka yi ƙaura ba sallama."

"Na yi, Baffa. A ƙasar Baba na sauka. A can na kwana."

Ya juya ga mutanensa. "Gida muka ce, ko? To wancan abin gida ne, ko akurki?"

Suka yi dariyar da ake yi wa mai arziki. Wani a cikinsu, mai kanti, ya ce in aka bar wannan, gobe duk jinkokin arewa za su yi ƙafa su tsallako, su cika musu unguwa da awaki da tsumma. Wannan ita ce gaskiyar abin da ke ransu, shi ne dai bai iya ɓoyewa ba.

Baffa ya ce, "Gida shi ne mai katangar ƙasa. Ka ja katanga, ka zo a buɗe maka."

Na ce, "Baffa, ƙasa ba ta kwaɓuwa sai da ruwa."

"Wannan kuma ba ni na yi ta haka ba."

Bawa ya ce, "Alhaji, a irin wannan akurkin fa aka haife ka."

Baffa bai ko yi fushi ba. Ya gyara hula ya ce, "Shi ya sa na fita."

Na ɗauki garwata babu ko ɗigo na tsallaka na koma.

Ba a jima ba Hajara ta sauka, mace. Da yake ɗakinmu ba rufi, a ɗakin Inna ta haihu. Ranar farko maƙwabta suka tara mana abin da suka iya, kowace mace ƙoƙo ɗaya daga tulunta, aka yi wanka. Na san ba za su iya haka kullum ba. Da rana ta yi tsaka sai ga aike daga Baffa, wai in zo, maganar zumunci ce.

Na same shi yana kallon magina. A cikin farin nan ya ga dama ya ja sabuwar katanga, saboda maza sun yi arha, da mudun dawa za ka sa ƙato ya wuni yana taka ƙasa. Ya ce, "Na ji an sauka lafiya. Jininmu ne, ba zan bar ku haka ba. Ina neman mai jido ruwan gini. Ka riƙa ɗebo min, garwar ƙarshe ta safe da ta yamma taka ce."

Na yi godiya. Har yanzu in na tuna na durƙusa na yi godiya sai in ji bakina ya yi ɗaci.

Mai gadin da ya hana ni jiya, yau da murmushi ya buɗe min kwaɗo, don na zo a matsayin ɗan garuwar Alhaji. Hannun shi ne, igiyar ita ce. A matsayin maƙwabci rijiyar ta haramta gare ni, a matsayin bara ta halatta. Tun fitowar rana nake ja, in saɓa sanda a kafaɗa, in kai, in juye ruwa garai-garai mai sanyi a cikin taɓo, ina kallon ƙafafu na cakuɗa shi. Kafaɗata ta saɓule ta yi kanta. Maƙogwarona kan bushe har yawu ya ƙi haɗiyuwa, amma ban taɓa kurɓar ko ɗigo daga na ginin ba, don ba a ce nawa ba ne. Bawa ya ce, "Kai ko a tsakiyar kogi aka jefa ka sai ka nemi mai shi ka roƙi izini." Ni dai na ci gaba da jan guga. Tsoro nake kada haram ta shiga jikina ta bi ta kan jaririyar.

Garwar da nake kaiwa gida rabin abin da wanka ke bukata ce. Inna ta iya da ita. Takan tafasa ta sosai, ta tsoma ganye ta fyaɗa a hankali don kada ya fantsama a banza, ta tara wanda ya zubo a kwarya don wankin tsumman jaririya. Kullum sai na tsaya a bakin ƙofa na ce Hajara ta miƙo ƙafa in gani. In danna da yatsa, in jira in ga ko wurin zai lotsa. Ta ce, "Malam, in kumburi bai kama ni ba, yatsanka zai huda ni."

Sai itace ya zama wata matsalar. Babu kara tunda gero bai yi ba, makiyaya sun sassare rassan bishiyoyi sun ba shanu, ni kuma ba ni da lokacin zuwa daji. Jinkata tana can kudu a zaune, ba ta zama gida ba, ba ta koma ɗaki ba. Ba ni da geron kiran wata gayyar, kuma ba ni da fuskar da zan ce wa mutanen nan su sake shiga ƙarƙashinta su dawo da ita a gaban masu dariya. Wata yamma na zare dami ɗaya na shuci, ciyawar rufin, daga gefenta. Da shuci ya ƙare na kwance tanka, daga nan na shiga sandunan tsaiko waɗanda mahaifina ya saro da hannunsa. Haka nake tsallaka burtali kullum, ruwa a kafaɗa, rufin ɗakina a ka. Jinkar ta dawo gida, amma ta bakin murhu ta shigo.

Saura kaɗan Hajara ta yi arba'in, wata la'asar iska ta juya. Ta zo da sanyi da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa daga nesa, awaki suka fara kuka, gari ya yi duhu. Wannan karon hadarin bai watse ba. Ruwa ya sauko da ƙarfi, Inna ta yi ta jera tulu da kwarya a bakin rufin ɗakinta, yara suka fita tsirara suna tsalle. Ni na tsaya a ƙofar ɗakinmu ina kallon ruwa na zuba a kan gadonmu, bango na narkewa yana gangarowa ja. Hajara ta leƙo daga ɗakin Inna da jaririya a kafaɗa, ƙafafunta siriri lafiya lau. Ta ce, "Shigo, Malam. Bar shi, shi ma ɗakin yau ya samu nasa wankan."

Da aka sake yin ruwa, kowane kududdufi ya cika, sai aka cire kwaɗon. Bayan sallar Juma'a Baffa ya riƙe hannuna a gaban jama'a ya ce, "Sale, ka gaya wa mutanenku rijiya a buɗe take. Ai duk ɗaya muke." Liman na gefe yana gyaɗa kai.

Hajara ta rayu. Jaririyar ita ce uwar Rabi mai jegon yau. A asibiti an ce wa Rabi ta rage zafin ruwan, kunun kanwa kuma ta bar shi, wai shi ke kawo kumburin. Tun da na ji haka na sami sabon abin tunani: ko rabin garwar nan ce ta tsirar da Hajara? Ban sani ba, kuma ba zan ba Baffa ladan wannan ba.

Daga baya an yi ta sake iyakoki da sunayen ofisoshi. Kwalta ta bi ta wani wajen, aka haƙa burtsatse a bakinta, asibiti da makaranta suka koma can. 'Ya'yan Baffa da na 'yan kwamitinsa suka bi, wasu Gaya, wasu Kano, suka bar soraye suna zubewa. Da fegin kudu ya rasa mai so, sai irinmu muka tsallaka. A kan yankin kuɓewar Inna na gina gidan nan, da katangar ƙasa kamar yadda aka ce. Rijiyar kankare tana nan a ƙofar gidana, ba murfi ba kwaɗo, jemagu ne a ciki. Katangar Baffa kuwa har yau tana tsaye a bayan ɗakina, ba ta ko tsage ba. Ni na san abin da ta sha.

Yanzu 'yan kura ke turo mana ruwa a jarkoki daga sabuwar unguwar bakin kwalta, inda famfo ya tsaya cak a gidan mai kuɗi na ƙarshe. Jiya mijin Rabi, yaro mai hankali da ke haya da babur, ya zauna kusa da ni a zaure ya ce, "Kaka, da za mu lallaɓa mu sami ko ɗan fili ne a bakin kwalta mu kafa ɗaki ɗaya, da mun huta da sayen ruwa."

Na ce, "Ku kafa. Ranar da kuka gama za a ce muku gida shi ne mai bene."

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake. Na tashi na shiga na ɗaga murfin randa.